Agogon Garba Ya Tsaya

Tun da na dawo daga Kudu ba ku bar ni na sha ruwa ba. Duk wanda ya biyo ta rumfata a kasuwar Gusau, ko batir ya zo sa wa agogonsa ko inuwa kawai yake nema, sai ya ce Malam Mamman yaya garin Garba, da gaske ne agogon ya fi rimi tsawo, da gaske ne har sarkinsu na gaishe shi? Mako uku ina ce muku lafiya lau, gari na da kyau. To na gaji da ba da amsa guntu-guntu. Ga labarin gaba ɗaya, wanda ya ji ya ji, kada a sake tare ni da shi a bakin masallaci.

Saboda waɗanda ba su san Garba ba, bari in fara da shi. Ni mutumin Furfuri ne ta ƙasar Bungudu, shi ɗan Tsafe, kuma a benci ɗaya muka koyi gyaran agogo wajen marigayi Malam Ɗanladi, lokacin da kowane ma'aikaci da kowane direba ke ɗaure da agogo a hannu. Ba yabon kai ba, na fi shi hannu nesa ba kusa ba. Agogon da zan warware in mayar kafin azahar, Garba sai ya kai la'asar yana laluben ɗan sukurun da ya faɗi ƙasa. Da ya ga abin ba ya yi, sai ya bi motar albasa ya yi Kudu, muka bi shi da dariya. Bayan shekara biyu aka ce wai ya iske wani tsohon agogon gari ya mutu a saman hasumiya, ya tayar da shi, mutanen garin sun riƙe shi sun ba shi gida. Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Ni kuwa wayar hannu ta zo ta kashe mana sana'a, yau aikina sa batir da huda maɗauri, sai 'yan rigunan waya da na rataya don kada a ce rumfar fanko ce.

Ba zan ɓoye muku ba, ina jin haushin Garba. Na daɗe ina ji. Kowace salla sai wani ya turo mini waya a hanci ya ce dubi abokinka, ga shi cikin babbar riga irin ta Yarbawa, hula a karkace, hasumiya a bayansa. In ce masha Allah da baki kawai. Abin da ke cina shi ne ba wai ya fi ni iyawa ba ne, motar albasa kawai ya riga ni hawa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga wayarsa. Muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya fito da maganar. Agogon ya tsaya wata biyu ke nan. In ya tayar da shi sai ya yi kamar kwata yana tafiya ya sake tsayawa. Dattawan gari sun gaji da jira, sun ce in bai tashi ba za su sauke tsofaffin ƙarafan su sa injin batir irin na zamani, wanda ba ya bukatar kowa ya hau ya juya hannu ya yi masa wani. In aka yi haka, aikin Garba ya ƙare, gidan da yake ciki kuma na mai kula da agogo ne. Ya ce in zo in taya shi dubawa. Allah ya yafe mini, da na aje wayar murmushi na yi.

Ranar Litinin da sassafe na hau kabu-kabu daga Furfuri zuwa tasha a Gusau, da jakar kayan aikina a cinya. Maiɗakina ta rako ni bakin ƙofa tana cewa Allah ya sa in samo ko rabin abin da Garba ya samu. Ita addu'a ta yi, ni kuwa da ita na yi ta fama har muka wuce Kwatarkwashi.

A Tsafe yayar Garba, Hajiya Kulu, ta riga ta tsaya bakin titi da ƙullin saƙo, don ya gaya mata zan wuce. Direba ya ce minti ɗaya, ita kuwa ba ta san da wannan magana ba. Ta riƙe tagar mota tana gaya mini, da sauran fasinja duka, yadda Garba ya yi mata rufin ɗaki, yadda ya kai ta Makka, yadda tun yana yaro an san zai zama wani abu. Ni da na san shi yana kuka a kan sukuru, sai dai na riƙa cewa haka ne Hajiya, haka ne. Da ƙyar direba ya ƙwace motarsa, aka jefa ƙullin a bayan kujerata, daddawa ce da kuka da busasshiyar kuɓewa.

Daga Tsafe zuwa Yankara, inda Zamfara ta ƙare, ba wanda ya yi magana a motar, kun san dalili. Kowa bakinsa na motsi, idonsa na daji. Sai da muka hango Funtua aka fara tari da dariya. A nan ne maƙwabcina na kujera, wani ƙaton mutum mai fara'a, ya gabatar da kansa, Alhaji Bawa, falken goro. Ya tambaye ni inda na nufa, na faɗi sunan garin yadda bakina ya iya, don sunan ya fi ƙarfin harshena, mu dai Garin Agogo muke ce masa. Sai ya buga cinyata ya ce ai can za shi, kuma in dai Bahaushe ne ni to dole in je in gaida Baba Alago, wato mai agogo da yarensu, mutumin da ya ɗaga sunan Arewa a garin. Na ce masa tare muka koyi aiki. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ashe na yi sa'ar malami. Ya ɗauka Garba ne ya koya mini. Ban gyara masa ba, na juya fuska taga har Zariya.

Direba ya ƙi bin hanyar Birnin Gwari, muka zaga ta Kaduna da Suleja. Hanyar Bida kuwa ba hanya ba ce, ramuka ne aka jera. A wani rami da muka faɗa, buhun dawar wani ya danne ƙullin Hajiya Kulu, ledar daddawar ta fashe. Kafin a jima motar duka ta ɗauka. Wata mata 'yar Kudu ta toshe hanci da gyale tana ta faɗa da Turanci, aka yi ta tambayar kayan wane ne, ni kuwa na yi kamar barci nake. Da aka tsaya aka gano, sai na ce ai saƙon Baba Alago ne, ba nawa ba. Nan take Alhaji Bawa ya ce to ai ƙamshi ne, ya ciro ledarsa mai kyau ya sake ɗaure ta da hannunsa.

A Bida muka kwana, a barandar masallacin tasha, bayan mun ci tuwon shinkafa da miyar wake da kifi, wanda ba zan yi masa ƙarya ba ya yi daɗi. Washegari muka bi ta Mokwa muka kai gadar Jabba. Alhaji Bawa ya ce in duba da kyau, da mun haye ruwan nan mun bar gida. A bakin gadar wani jami'i ya sa aka sauke jakunkuna, ya buɗe tawa ya ga hantsaki da ƙananan sukundireba da tsofaffin sifirin a naɗe, ya tambaye ni na mene ne. Da na faɗa masa sai ya kwance agogon hannunsa ya miƙo, wai ya kwana biyu yana yi masa latti. Na tsuguna a gefen titi na buɗe, na share dattin da ke ciki, na sa sabon batir, mota tana jira. Ya sara mini har da buga ƙafa. A duk tafiyar nan wannan ce kaɗai girmamawar da na samu ba tare da an ambaci sunan Garba ba.

Daga Ilori muka canja ƙaramar mota, muka shiga garin da la'asar sakaliya ranar Talata. Mun iske ranar kasuwarsu ce, ana watsewa, mata na ɗaure kwanduna. Abu na farko da na lura da shi ke nan, kasuwar mata ce. Su ke sayar da nama, su ke sayar da goro, su ke faɗa da direbobi, maza sai dako.

Sai ga hasumiyar. Gani ya kori ji. Ba ta kai yadda ake zuzutawa a nan ba, amma doguwa ce, ta jan dutse, a tsakiyar mahaɗar hanyoyi huɗu, da fuskar agogo ta kowane gefe. Tsofaffi sun ce tun zamanin Turawa mutanen gari suka gina ta da hannunsu, kowane gida ya kawo dutse. Ba wanda ke kwatance a garin nan ba da ita ba. Gidan wane yana bayan agogo, asibiti hannun dama da agogo, 'yan kamasho a tasha ma agogo suke kira. Na tuna mu a Gusau da shatale-tale da gidan mai muke kwatance, sai na ji har garin ma ina kishi da shi. Hannuwan agogon kuwa duka huɗun suna tsaye a kan tara saura minti goma.

Garba na zaune a kan kujera a gindinta. Ya tsufa, ya yi ƙiba, gemu fari fat. Na tsaya a gabansa kamar taku biyar ina ɗaga hannu ina washe baki, ya dube ni ya kau da kai. Na ce a raina to, abin har ya kai haka, girman kai ya hana a gane mutanen gida. Sai da na yi sallama na kira sunansa ya zabura ya rungume ni yana cewa Mamman, Mamman, kai ne? Na karɓi rungumar, amma kau da kan nan na aje shi a zuciya.

Daga nan zuwa gidansa bai fi tafiyar minti biyar ba, muka yi ta a rabin sa'a. Samari suna zubewa ƙasa rub da ciki suna gaishe shi, ba durƙuso irin namu ba, kwanciya sosai. Mata suna sa gwiwa biyu a ƙasa. Mai lemo ta ba shi lemo, mai burodi ya ba shi burodi, ni aka miƙa wa in riƙe. Ni da ko ɗan ƙanena sai ya ga dama yake cire hula ya gaishe ni.

Gidan ɗaki uku ne da rijiya da bishiyar gwanda. Matarsa Bayarbiya ce, Iya Basira, mace mai kirki da surutu, tana jin Hausa daidai gwargwado. Ta karɓi daddawar Hajiya Kulu ta shinshina ta ce ai su ma suna da irinta, tasu dai ba a daka ta. Ta kawo mini baƙin tuwon garin doya da suke kira amala, da miyar lalo mai yauƙi, da jar miya da ganda a kai. Loma ɗaya na yi hawaye suka zubo, don barkonon mutanen nan ba na wasa ba ne. Garba kuwa yana ta kai loma yana lumshe ido. Muna ci ya ce mini dattawa sun yanke magana ɗazu, sun ba shi zuwa kasuwa mai zuwa, in ta ci agogo bai buga ba, shi ke nan. Na lissafa a raina, yau Talata, kasuwa mai zuwa Talata, kwana bakwai cur. Na ce masa kada ya damu.

Ranar Laraba da hantsi muka hau. Matakalar katako ce mai juyawa, ƙunci da duhu, da warin jemage. Garba na gaba yana hawa ba ko fitila, yana ƙirga matakan a hankali, ni ina baya ina haki da tocila. A sama muka iske injin, girmansa kamar gadon ƙarfe, fayafayan tagulla masu haƙora suna ƙyalli, ba ƙura ko ɗaya. Nan kam dole na sara masa a zuci, ya riƙe amana. Ya nuna mini duwatsun ƙarfen da ke jan injin, da hannun da yake juyawa duk mako ya yi masa wani, da ƙararrawa, da dogon ƙarfen lilo mai tafiya dama da hagu. Yana magana yana shafa kowane abu da tafin hannu. Ya ce ya wanke, ya sa mai, ya gwada kowane haƙori, bai ga komai ba.

Ya tura lilon, agogo ya fara tafiya. Na saurara, na bi fayafayan ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu lau. Sai na lura lilon ba ya tafiya sak, yana ɗan murguɗawa kaɗan a ƙarshen kowace tafiya. Na ɗaga tocila can sama inda yake rataye. A jikin wani siririn ƙarfe mai faɗi yake rataye, kamar ruwan reza, an matse shi tsakanin ƙarafa biyu. Daidai bakin matsin, inda yatsa ba ya shiga, ga tsaga nan siririya kamar gashi. Shi ke nan ciwon. A jakata kuma akwai sifirin tsohon agogon bango mai faɗi daidai da shi, aikin sa'a ɗaya ne, in yanka in huda in ɗaura.

Garba ya ce, “Ka ga wani abu?”

Na kashe tocilar na ce, “Tukuna dai. Sai na ƙara nazari.”

Ga abin da na shirya, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Na ce in na gyara yau, gobe a ce Baba Alago ya tayar da agogonsa, a zube masa a ƙasa, ni a ba ni burodi in riƙe. Bari in bar shi ya ɗanɗana kwana biyar. Ranar Litinin, ana gobe kasuwa, lokacin da kowa ya fid da rai, sai in sa a kira dattawan, in hau a gabansu in gyara, su san cewa a rumfar Malam Ɗanladi akwai wanda ya fi. Ban yi niyyar ya rasa aikinsa ba, wallahi ban yi ba. So nake kawai sau ɗaya a duniya a gan ni.

Ranar Alhamis muka sake hawa. Na yi ta ƙwanƙwasa nan, ina leƙa can, ina gyaɗa kai kamar likita. Garba ya zauna a kan wani akwati, bai sake tambayata komai ba. Da muka sauko ya ce wa Iya Basira ta rage barkono saboda baƙo, ta yi mini dafa-duka. Ranar Juma'a bayan masallaci a unguwar Sabo, inda Hausawan garin suke, Alhaji Bawa ya ja ni gonar goro. Ban taɓa sanin a cikin kwanso goro yake fitowa ba, kamar ƙaton ƙoƙon ɗiyan kuka, mata na zaune suna ɓarewa suna wankewa suna jerawa a ganye. Na ci ɗanye fari sabon ɓara, na yi ta tambayoyi, na manta da wani agogo. Da muka dawo gab da magariba na ga manyan motoci na shigowa, mata da kwanduna a ka. Na ce a raina mutanen nan da son biki, gobe Asabar wani zai aurar da 'ya. Garba bai ci abincin kirki ba ran nan, ya ce kansa ke ciwo ya shige ɗaki.

Asabar bayan sallar asuba na koma na ɗan kishingiɗa. Hayaniya ce ta tashe ni, rana ta ɗaga. Na fito na iske Iya Basira zaune a bakin rijiya ta zuba tagumi, ba wuta a murhu. Na tambaye ta ina maigida, ta ce yana wajen agogo, mutanen birni sun zo tun da safe. Na ce waɗanne mutanen birni, ai sai ranar kasuwa. Ta dube ni ta ce yau ce kasuwa. Na ce haba, ba Talata ba? Sai ta ɗaga yatsu tana ƙirga mini, Talata ɗaya, Laraba biyu, Alhamis uku, Juma'a huɗu, Asabar biyar. Ashe su kasuwarsu ba mako-mako take ci ba kamar tamu, kwana biyar-biyar ce, har da ranar kasuwar kanta a cikin ƙirgen, yau ta faɗo Talata gobe ta faɗo Asabar. Ni da na tashi na ga kowace kasuwa da ranarta tun kakanni, ko a mafarki ban kawo in tambaya ba.

Na fizgi jakata na fita ba ko hula. Mai shekara sittin yana gudu cikin kasuwa, yana ture kwandunan mata, ana zaginsa da yaren da ba ya ji. Da na isa na iske mota a gindin hasumiya, an zuro igiya ta tagar sama, fayafayan tagullar nan guda uku suna jere a kan buhu a ƙasa. Dogon lilon yana kwance a gefe. Dattawa biyar suna tsaye da sanduna, Garba na kan kujerarsa, hannuwa a kan gwiwa.

Na faɗa tsakiyarsu ina cewa a tsaya, a tsaya, na san ciwon. Na durƙusa wajen lilon na nuna musu tsagar, na ciro sifirin daga jaka ina ɗagawa, na ce sa'a ɗaya kawai, a mayar da ƙarafan in gyara. Wani dattijo da ke jin Hausa, da alama ya yi fataucin shanu a da, ya sunkuya ya duba, ya fassara wa sauran. Suka yi magana a tsakaninsu. Ya juyo ya ce mini an riga an warware injin, an yanke igiyoyin duwatsun ƙarfen, an kawo sabon, kuma kasuwa goma sha biyar suka yi suna jira. Sannan ya dube ni ya ce ai kwanana huɗu a garin nan, yaushe na ga wannan tsagar?

Garba ne ya amsa daga kan kujera, ya ce yanzu na gani, da lilon ya sauko ƙasa cikin haske. Ya ce sama akwai duhu, ba mai iya ganinta a can. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ƙaddara, suka ci gaba da aikinsu.

Na je na tsuguna kusa da kujerarsa. Ana ta zuro ƙarafa da igiya. Can ya yi magana, bai juyo ba.

“Laraba kag gani, Mamman. Na ji sa'adda ka ɗauke numfashi. Haka kaka yi tun muna gaban Malam in ka gano ciwon agogo.”

Na ce, “To mi ya hana ka matsa mini?”

“Tun daga Gusau nik kira ka. Wace tambaya ta rage?”

Sannan ya gaya mini abin da ko Hajiya Kulu ba ta sani ba. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta kama shi, yanzu inuwa kawai yake gani. Da kunne da tafin hannu yake riƙe da agogon, ba wanda ya sani sai matarsa. Ya ce da ya lalube ko'ina bai samu ba, ya san abin na ido ne, kuma a duk wanda ya sani ba mai ido irin nawa, shi ya sa ya kira ni. Yabon da na yi shekara talatin ina jira ke nan, ga shi ya zo, ni kaɗai na ji shi, a tsugune.

Na gaya masa maganar kasuwa, na rantse masa Talata na ɗauka, na ce ran Litinin na yi niyyar gyarawa. Ya ce ya yarda. Ya ce shi ma da laifinsa, ya daɗe a garin har ya manta kasuwar gida mako take yi. Bai tambaye ni dalilin da ya sa na zaɓi Litinin ban zaɓi Laraba ba, ni ma ban faɗa ba.

Da la'asar sabon injin ya fara aiki, hannuwa huɗu suka motsa, ƙararrawa ta buga ta lasifika. Kasuwa ta yi sowa. Mutane suka yi ta zuwa suna zubewa gaban Garba suna yi masa barka, don da yawansu sun ɗauka shi ya tayar. Ya riƙa amsawa yana sa musu albarka.

Lahadi da safe ya rako ni tasha, hannunsa a kafaɗata. Iya Basira ta ba ni ƙullin goro da garin doya in kai wa Hajiya Kulu, ba ta ko kalle ni ba. Garba ya ce dattawa sun yi masa kirki, sun bar shi a gidan har bayan babbar salla, daga nan zai tattaro ya dawo Tsafe. Ya ce in ya dawo yana so in riƙa barinsa ya zauna a rumfata wani lokaci, ba don aiki ba, ya dai riƙa jin ƙarar agoguna. Na ce to. Dawowar ba abin da zan faɗa a kanta, hanyar nan ce dai, sai dai a Tsafe na ba yaron mota saƙon ya miƙa, ban iya sauka ba.

To kun ji yadda garin Garba yake. Shi bai ce in faɗa ba, da na yi shiru ma har abada ba mai ji daga bakinsa, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Da ya zage ni a tashar nan, ko ya ɗaga hannu ya kwaɗa mini mari, da na dawo gida da sauƙi a raina. Sai ya riƙe hannuna ya ce in gaida iyali, in yi hankali da hanyar Yankara. Na raba mutum da aikinsa da gidansa, ya tsaya gaban dattawa ya rufa mini asiri. Har a nan ma ya fi ni, kuma Allah ya sani, wannan ɗin ma ina jin haushinsa.